Aure da saki a Katsina: abin da gwamnati ke ƙirgawa da abin da ke wuce ta

Duk lokacin da aka tayar da zancen mace-macen aure a ƙasar Hausa, alƙaluma biyu ne ke fara zuwa baki, kuma kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. Na farko na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ne, wanda mujallar The Economist ta Ingila ta ɗauko a 2016: wai a faɗin Najeriya maza kashi 0.2 cikin 100 da mata kashi 0.3 ne kaɗai aurensu ya mutu a hukumance. Mata uku ke nan cikin dubu. Na biyu daga Kano ya fito: zawarawa miliyan ɗaya. Adadin ya yi suna tun watan Janairun 2009, lokacin da Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya fitowa da su kan titi, Hisba ta hana.

Bakatsine in ya ji "uku cikin dubu" sai dai ya yi murmushi. Ya tsaya a bakin lungunsu a Rafin Daɗi ko Sabuwar Unguwa ya ƙirga gida goma, zai wuce wannan adadi kafin ya kai kwana. Sai dai miliyan ɗin ma ba ta jure lissafi. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4. Mata ba su cika rabi ba, kuma kusan rabin matan yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Abin da ya rage bai wuce miliyan biyu da rabi ba, daga budurwa har tsohuwa mai dogara sanda. In miliyan guda daga cikinsu zawarawa ne, to cikin kowaɗanne mata biyar, biyu ba su da miji ke nan. Kano ba haka take ba, Katsina ma ba haka take ba.

Abin da ya sa alƙaluman biyu suka yi hannun riga shi ne, hukuma ba ta wurin a lokacin da ake ɗaura aure, kuma ba ta wurin a lokacin da ake kwance shi.

Dokar ƙasa ce ma ta tsara haka. Kundin tsarin mulki na 1999, a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya ambaci ɗaura aure da warware shi a lamba ta 61, amma nan take ya cire auren Musulunci da na gargajiya. Dokar Aure ta 1914 da dokar shari'un aure ta 1970 auren rajista suka shafa, irin na kotu da na coci. Shi ne wanda ke barin takarda a ofis, kuma irinsa ne alƙaluma masu kama da "uku cikin dubu" suka fi iya kamawa. Auren mutanen Katsina kuwa, in ban da ƙalilan, yana hannun jiha da kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda aka faɗaɗa huruminsu a watan Agustan 2000 zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, sannan sashe na 277 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba abin da ya shafi aure da saki da riƙon yara da gado. Kundin ya kuma ɗora wa ƙananan hukumomi rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Na aure dai, a aikace, ba kowa ya san ana yi ba.

Dubi yadda ake yi ranar Asabar da hantsi a ƙofar wani gida a Ƙofar Marusa. An shimfiɗa tabarmi, wakilin ango ya nemi aure sau uku, waliyyi ya ba da, an faɗi sadaki an ce lakadan ba ajalan ba, liman ya yi fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, yara sun yi wawar alewa da dabino. Mutum ɗari biyu sun shaida, amma da wuya a samu wanda ya buɗe littafi ya rubuta. Ranar rabuwa kuwa ko shaidun babu: kalma ce a tsakar ɗaki, ko layi biyu a fallen takardar da aka yago daga littafin ɗan makaranta, ko kuma yanzu saƙon waya. Ta naɗe takardar a bakin zane, ta goya ƙaramin, ta ja na biye da shi, sai gida. Alƙali ba ya jin labari sai in rigima ta tashi, ko kuma ita matar ce ta je neman khul'i ko raba aure saboda cutarwa. Don haka abin da rajistar kotu ke nunawa yawan rikici ne, ba yawan saki ba.

Me ya sa binciken gida-gida ma bai kamo shi ba

Mafi ingancin abin da ake da shi shi ne Binciken Lafiya da Yawan Jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yi lokaci-lokaci. A na 2018 an tambayi mata kusan 42,000 masu shekara 15 zuwa 49. Kashi 70 cikin 100 suna da aure, kashi 25 ba su taɓa yi ba, ragowar kusan kashi 5 su ne waɗanda aka saka, da waɗanda suka rabu da miji, da waɗanda mazansu suka rasu, duka a haɗe. Wannan ya ninka adadin farko sau da yawa, amma har yanzu ya yi kaɗan a kunnen wanda ya san gari.

Dalili shi ne tambayar da ake yi wa mace ita ce halin da take ciki yau. Kamar wanda ya shiga tashar mota da azahar ne ya ƙirga mutum hamsin a zaune, ya koma ya ce tashar ba ta da ciniki, alhali daga asuba zuwa magariba dubbai sun bi ta cikinta. Zawarci a ƙasar Hausa, musamman ga mai ƙuruciya, wurin wucewa ne. Idda tsarki uku ce, kusan wata uku. Takaba wata huɗu da kwana goma. Tana fita, manema sun fara sallama.

Ga misali na lissafi kawai, ba sakamakon wani bincike ba. A ɗauka wata unguwa tana da matan aure 1,000, kuma duk shekara ana sakin 40. In kowacce tana yin wata shida kafin ta sake aure, mai bincike duk ranar da ya zo 20 zai tarar a gida, ya rubuta kashi 2 cikin 100. Amma cikin shekara 20, saki 800 aka yi a wannan unguwa. Yanzu a ce rayuwa ta yi tsada, maza sun ja baya, zawarcin ya koma na shekara biyu. Ko saki ɗaya bai ƙaru ba, amma waɗanda ke zaune a gida sun zama 80, ninki huɗu. Ina ganin wani ɓangare babba na abin da mutane ke kira "saki ya yi yawa" a 'yan shekarun nan wannan ne: fita zawarci ce ta yi wuya. Bambancin yana da muhimmanci ga gwamnati, domin maganin yawan saki daban, maganin daɗewa a zawarci daban.

A ƙara da cewa kalmar "zawarawa" a bakin jami'ai tana haɗa wadda aka saka da wadda aka kashe wa miji. Matan da suka baro Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara suka shigo birni da marayu saboda 'yan bindiga, ba rikicin aure ne ya fito da su ba, kuma wa'azin haƙuri da juna ba zai rage yawansu ba.

Binciken na 2018 ya faɗi wasu abubuwa game da Katsina da ya kamata duk mai tsara manufa ya riƙe. A lokacin, a duk jihohin ƙasar nan Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa: kimanin 'ya'ya 7.3 ga kowace mace, inda ƙasa baki ɗaya take 5.3, Legas kuma 3.4. Matan aure masu kishiya kashi 31 ne a ƙasa, a Katsina kuwa kusan rabi. Rabin matan Arewa maso Yamma sun yi aure kafin su wuce shekara 16 ko kusa da haka, alhali a ƙasa baki ɗaya tsakiyar tana kan 19, maza kuma sai kusan 28. Haɗa waɗannan wuri guda: yarinya ta shiga ɗaki da wuri, mijin ya girme ta da shekara goma ko fiye, haihuwa kusa-kusa, ga yiwuwar abokiyar zama. In auren ya mutu tana da shekara 25, ba ita kaɗai za ta koma gida ba. Sakin Katsina, a lissafi, maganar yara ce kafin ta zama maganar ma'aurata.

Ba kuma sabon abu ba ne, kodayake kowane zamani yana ɗauka a kansa aka fara. Masu bincike biyu, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967 ta fitar da littafinta a 1972, da Renée Pittin, wadda ta yi nazarin rayuwar matan birnin Katsina a farkon shekarun 1970, dukansu sun tarar da al'ummar da mace ke yin aure fiye da ɗaya a rayuwarta ba tare da an ɗauke shi abin mamaki ba. Shisshigin hukuma ma tsoho ne. A shekarun fari, a garuruwan Arewa da dama, akan ba mata masu zaman kansu wa'adi: ko su yi aure ko su bar gari. Da ruwa ya sauka sai maganar ta bi iska.

Kuɗin auren gata

Salon wannan zamani ya fi wancan tausayi, kuma Kano ce ta buɗe shi. A watan Mayun 2012, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta hannun Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa, ta aurar da zawarawa 100. Aka bi da 250, sai 1,000, sai 1,111 a ƙarshen 2013; jimla 2,461. Abdullahi Ganduje ya yi 1,520 a 2017 da 1,500 a 2019. Abba Kabir Yusuf ya yi 1,800 a watan Oktoban 2023, aka ware naira miliyan 854. Tun da Katsina ta kafa tata hukumar Hisba zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, aka ba Dakta Aminu Usman, wanda aka fi sani da Abu Ammar, jagorancinta, duk wani shiri irin wannan a nan da ma'aunin Kano za a auna shi. Saboda haka ya dace a karanta lissafin Kano da kyau.

Haɗa duka: aure 7,281 daga 2012 zuwa 2023, wato kusan 600 a shekara. Raba miliyan 854 gida 1,800: kimanin naira 474,000 kan kowane aure. Sadakin a ciki 50,000 ne, jarin amarya 20,000. Kusan naira 400,000 da suka rage sun tafi ne a gado da katifa da kayan ɗaki da sutura da abinci da gwajin lafiya da hidimar taro. Wato sadaki, abin da shari'a ta wajabta, kashi ɗaya ne cikin goma na kuɗin. Sauran tara al'ada ce, kuma a gidajenmu mafi yawanta a wuyan uban amarya take. Gwamnati a nan uban amarya take tsayawa, ba ango ba. Wannan ya nuna inda ƙaya take: ba rashin masoyi ke tsayar da 'yar talaka ba, rashin kayan ɗaki ne.

Sadakin kansa yana da labari. Naira 10,000 aka biya a 2012, 20,000 a 2019, 50,000 a 2023. A ido ya ninka sau biyar. Amma a 2012 dala tana kusan naira 160, don haka 10,000 dala sittin da 'yan kai ce. A Oktoban 2023, bisa farashin hukuma, 50,000 ma dala sittin da 'yan kai ce. Bai motsa ba. Ba mamaki, domin mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, zinari giram ɗaya da ɗan ɗori, kuma kusa da wannan ƙasan gwamnati ke tsayawa kullum. Da naira ta faɗi zinari kuma ya hau, kafin ƙarshen 2024 rubu'in dinari ya haura naira 100,000, a daidai lokacin da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000. A 2012 albashin 18,000 ne, sadakin ƙasa kuma bai kai 10,000 ba. Da albashin wata guda ƙaramin ma'aikaci yana biyan sadaki har ya yi saura. Yanzu ba ya isa.

To, a kawo lissafin gida. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8, hasashen 'yan shekarun nan kuma ya kai ta miliyan goma. A al'umma mai yawan yara haka, 'yan matan da ke isa aure duk shekara za su kai wajen 100,000, ban da zawarawa. Auren gata na mutum 1,000 zai taɓa ɗaya cikin ɗari ke nan, a kan kusan naira miliyan 474 bisa farashin 2023, wanda tuni kasuwa ta wuce shi. A ce za a ɗauki kashi ɗaya cikin goma, ana maganar kusan biliyan biyar duk shekara. Ga marainiyar da ta samu gado da katifa ta shiga ɗakinta, alheri ne babba, kuma ba wanda zai raina shi. Amma a jihar da ƙididdigar talauci ta 2022 ta ce kusan mutum miliyan 7 na cikin talauci ta fuskoki da yawa, sadaka ce, ba manufa ba. Yana kuma da kyau a lura da lokacin da ake yin bikin da wanda ke tsayawa a gaban kyamara.

Wani lokacin ma rigima yake jawowa. A watan Mayun 2024, shirin kakakin majalisar Jihar Neja na aurar da marayu 100 a Mariga ya haɗa shi faɗa da ministar mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, a kan shekarun amaren da yardarsu. Tushen gardamar yana cikin doka: dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce 18, sashe na 29 na kundin tsarin mulki kuma yana ɗaukar duk matar aure a matsayin baliga, sakin layin da ya tayar da ƙura a Majalisar Dattawa a 2013. Katsina sai ƙarshen 2020, zamanin Aminu Bello Masari, ta yi tata dokar kare yara.

Abin da na fi ganin amfaninsa a auren gata ba kayan ɗakin ba ne. Abu biyu ne da ake yi a gefe. Na ɗaya gwajin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila; in aka haɗa mutane ba gwaji, cikin aure 1,000 kusan 60 za su zama na masu ɗauke da ita su biyun, kuma kowane ciki nasu yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Kano ta mayar da gwajin doka ga kowa a watan Mayun 2024. Na biyu shi ne sharaɗin da Hisbar Kano ke gindaya wa angwaye cewa ba saki sai an dawo gabanta. Ma'anarsa, waɗannan 'yan dubbai su ne kusan kaɗai auren da hukuma ke da sunan miji da mata da ranar ɗaurawa, kuma take iya bin sawu. Nawa suka kai shekara ɗaya, nawa suka kai biyar, nawa aka yi biko aka dawo: wannan shi ne adadin da ya kamata majalisa ta nema a rubuce kafin ta amince da kasafin zagaye na gaba. Adadin da ake shelantawa kullum na ranar biki ne.

Inda hannun hukuma ya fi tsawo

Wanda ya taɓa zama a benci a kotun shari'a ya san kalmar da ta fi maimaituwa. "Allah ya gafarta malam, wata huɗu ke nan bai aiko da ko ƙwayar hatsi ba." Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, wanda ya yi digirinsa na uku a kan dokar iyali, ya faɗa a Jami'ar Bayero a watan Disamban 2024 cewa a kotunan shari'a tara na Kano da aka duba shari'unsu na shekara biyar, kusan rabin ƙararrakin a kan ciyarwa ne, wani kaso mai yawa kuma a kan cutarwa, har da duka. Shi ne kuma a watan Fabrairun 2017 ya ba da sanarwar daftarin dokar da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, daftarin bai zama doka ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun san irin wannan: a Nijar ma yunƙurin dokar iyali ya sha faɗuwa, har da na 2011.

Wasu ƙasashen Musulmi sun wuce nan. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta ce mai son saki ya nemi izinin kotu, a gwada sulhu, in ya ƙi yiwuwa ya ajiye haƙƙin matar da na yara cikin kwana 30 kafin a rubuta sakin. A Malesiya wanda ya yi saki a wajen kotu tara ake cinsa. Ba lalle Katsina ta kwafi ko ɗaya ba, kuma malamanmu suna da hujjar tsoron duk dokar da za ta ce saki bai auku ba sai da sa hannun ma'aikaci. Amma rubuta abin da ya auku daban yake da hana shi aukuwa. Ranar saki a shari'a ba ƙaramin abu ba ce: da ita ake lissafin idda, da ita ake sanin ko matar za ta ci gado in ya rasu kafin ta gama, da ita ake jingina ɗa ga ubansa. Shari'ar Amina Lawal, da ta taso daga Bakori ta ƙare a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a nan Katsina ranar 25 ga Satumban 2003, ɗaya daga cikin hujjojin da suka wanke ta daga tuhumar zina tazarar da ke tsakanin sakinta da haihuwarta ce, bisa ƙa'idar kwantaccen ciki ta Malikiyya.

Akwai kuma hannun da ba a kiransa shisshigi a aure, alhali ya fi kowanne tasiri a alƙaluma. A binciken 2018, tsakanin macen da ba ta yi boko ba da wadda ta yi sakandare akwai tazarar kusan shekara shida a lokacin auren fari. Babu wata doka da ta taɓa matsar da shekarun aure haka. Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince masa dala miliyan 500 a 2020. Ajin da aka gina a Rimi ko Kaita ba ya zuwa da kiɗan ƙwarya, amma yana cikin lissafin aure.

Jihar tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma kowace unguwa tana da mai unguwa da limamin da ba a ɗaura aure sai da shi. Abin da ake buƙata shi ne littafi ɗaya a hannun liman mai shafi biyu, na ɗaurawa da na rabuwa, kwafi ga matar, kwafi ga magatakardan kotu mafi kusa, a tattara duk wata uku. Ko an ba kowace mazaɓa naira miliyan ɗaya a shekara don wannan aiki, miliyan 361 ke nan, bai kai kuɗin auren gata na mutum 800 ba a farashin Kano na 2023. Bayan shekara uku Katsina za ta iya faɗin aure nawa aka ɗaura, nawa suka mutu, a shekara ta nawa suka fi mutuwa, da yara nawa suka bi uwa gida, alƙali kuma ya samu takardar da zai kafa hukuncin ciyarwa a kanta.